Rasuwar Shingen Katakon Gidan Kalilu Dillali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu da suka ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da abin ya auku, ni Kalilu, dillalin hatsi na bayan tashar Jibiya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gida da Bugaje da Daddara har Maraɗi, rasuwar shingen katakon gidana, wanda ya faɗi ranar kasuwa da rana tsaka, a gaban shaidu da yawa, fiye da yadda na so.

An haifi marigayi shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ta hanyar yarjejeniya tsakanina da maƙwabcina Ɗantala mai kiwon shanu. Lokacin kaya na ta shigowa cikin manyan akwatuna, Ɗantala ya tara katakonsu a fili bai san abin da zai yi da shi ba. Ni kuma darnin karan da ke tsakaninmu ya gaji, kuma filin Ɗantala ba shi da ƙofa, duk wanda ya fito daga tasha yana ratsawa ya leƙo ni. Muka shirya, katako nashi, ginshiƙan kirya da ladan kafinta nawa. Abu ɗaya na kafe a kai, fuskar shinge mai santsi ta dubi gidana, sandunan gicciye da ƙusoshi su koma wajensa.

Ɗantala ya dubi shanunsa, ya ce, "Baba Kalilu, kai ne babba. Ɗauki mai kyawun."

Na shiga gida ina gaya wa maiɗakina Luba yadda na yi wa yaro wayo.

Arzika kafinta ya haƙa ramuka har hannu ya ɓace, ya babbake gindin ginshiƙai, ya shafe kowane katako da baƙin man mota saboda gara. Marigayi ya tashi dogo, baƙi, ya fi mai raƙumi tsawo. A jikinsa akwai rubutun Turawa, wani a tsaye wani a kife, da hoton laima da na kofi, ban taɓa tambayar ma'anarsu ba, shi ma bai taɓa tambayar nawa sirrin ba.

Halinsa na gari ne. Bai da tsegumi. Gara ta zo ta shinshina ta koma. Yaran mota da ke hawa kan lodi sun miƙa wuya sun gaji. Amma babban alherinsa gare ni shi ne wannan: dillali ba shi da lokacin kansa. Wannan na son ka raka shi wurin 'yan duwan, wato kwastan na kan iyaka, wancan na son ka sasanta shi da direba, wani ya zo ne kawai don ya ji farashin gero ya ci tuwo. Da marigayi ya tsaya, sai na sami abin da ban taɓa samu ba, wato in kwanta a inuwa ba riga ba hula, Luba ta je ƙofa ta ce na tafi Maraɗi. Na je Maraɗi a bayan shingen nan fiye da kowane direba.

Ba shi da yawan magana. In rana ta take ya ce ƙas, ƙas. In iska ta taso ya ce ƙiii, ya yi shiru.

Ciwon ajali ya faro daga ɗaya gefen, inda ba na gani. Sandunan giccin da na ƙi, Ɗantala ya same su tamkar an yi masa turke kyauta. Ya fara rataya guga, sai igiya, sai ya ɗaure tunkiya, sai maraƙi. Ni ina nan ina sha'awar fuska mai santsi. Da marigayi ya fara karkata na yi magana, Ɗantala ya ce ai gefensa ne, ni na ba shi da bakina. Arzika ya zo ya duba, ya kafa masa tokara, ya ce a rage masa nauyi. Maimakon haka Ɗantala ya sayo wani jan bijimi daga Nijar, mai tozo kamar tulu, ya ɗaure a sandar tsakiya.

Ranar da abin zai faru, wasu fatake suka yi sallama a ƙofa, Luba ta ba su amsar da aka saba. Suka ratsa filin Ɗantala za su koma tasha. Daidai nan wata babbar mota ta danna ƙaho, bijimi ya zabura. Marigayi ya ce ƙiii mai tsawo irin wadda bai taɓa yi ba, ya kwanta gaba ɗaya. Ƙura ta lafa, ga ni a tabarma, ciki a waje, mafici a hannu. Babbansu ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Yaya mutanen Maraɗi?"

Marigayi ya bar ginshiƙai biyu karyayyu, da ƙadangaru marasa masauki, da yaɗon soso da bai san inda zai kama ba, da ƙyaure ɗaya da ke tsaye shi kaɗai, wanda har yau Luba ke sa wa sakata. Ya bar ni. Tun ranar ban zauna ba. In shiga ɗaki zafi ya koro ni, in fito tsakar gida a yi mini sallama daga kan lodi. Na kewaya da zana, awaki suka cinye gindinta. Masu ba da shawara sun ce in yi ginin bulo kamar mutanen zamani, na je neman siminti aka ce yana cikin jirgin ruwa a Ikko yana jiran layi. Ina sa babbar riga tun asuba a cikin gidana kamar baƙo.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Arzika ne zai yi wanka, wato cire ƙusoshi. Ba za a kai gawa ko'ina ba, domin tun da hanya ta buɗe direbobi sun ji ƙamshin wainar Luba suna ratsowa saye, ta kuma ce a yi mata bencuna da katakon, kuma kada in yi gaggawar tayar da wani shingen. Masu ta'aziyya su biyo ta ƙofa su yi sallama, ko da suna ganina.

Luba ta sami kasuwa, Arzika ya sami aiki, Ɗantala ya sayar da bijimi a kan labarin ƙarfinsa. Wanda ya yi hasara yana gida, kullum, duk mai nemansa zai same shi.