Kwamfutar Kwali

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na ƙware a kwamfuta alhali ko wayar kirki ban mallaka ba. Ina lise, wato babbar sakandare, a Birnin Konni, na baro Dogarawa ina zaune wurin gwaggona. Darasin fasahar sadarwa, wanda kowa ke kira informatik, Mushe Idi (haka muke kiran malamai maza, da Faransanci) ne ke koya mana, da alli a kan allo, domin injinan makaranta ba su iso ba tukuna.

Ni kuwa ban iya jira ba. Na je shagon kawuna mai hotokofi, na zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ya sayo daga Najeriya, na kwafe madannanta ɗaya bayan ɗaya a kan murfin kwalin taliya. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, in ɗora kwalin a cinya, in rufe ido, yatsu goma su kama aiki. Da na rufe idon nan kuwa, na bar gidan ke nan. Ga ni a buro, wato ofis, mai sanyi, kujera tana juyawa da ni a hankali, motocin siminti suna wucewa ƙasan taga, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa yana neman Madam Injiniya. (Har launin labule na zaɓa: ruwan toka.)

"Ke ɗiyar ga, mi kwalin ga ya yi miki?" in ji Gwaggo.

"Aiki nike, Gwaggo."

"To in kin taso daga aikin, ga tuwo can na jiran tuƙi."

Da injinan suka iso daga Yamai, Mushe Idi ya ce wani buro a Malbaza, garin siminti, zai ɗauki ɗalibi guda ya koyi aiki lokacin hutu, kuma wanda ya fi iya buga rubutu shi zai tafi. Burona ne, na san shi tun kafin in gan shi. Na so wurin nan har cikin raina.

Ranar gwaji aka haɗa injin da ke haska rubutu a bango, ga daraktan makaranta, ga wata mata daga buron. Ni na fara ɗaga hannu.

"Mushe, ni ko kallo ba ni yi," na ce. (Babu wanda ya tambaye ni.)

Na zauna, na rufe ido. Mushe Idi ya fara karanto Faransanci, yatsuna suna gudu. Na ji aji ya ɗauki guna-guni, na ce mamaki ne. Na ji dariya, na ce hassada ce, na ƙara wuta. Lokacin har na ga labulen nan yana kaɗawa.

Da na buɗe ido, abin da ke bango ba Faransanci ba ne, ba Hausa ba, ba harshen kowa ba. Layi shida cif. Matar Malbaza ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

"Injin da kinka koya da shi, daga ina ya hito?" Mushe Idi ya tambaya a hankali.

"Najeriya."

"To wanga tsarin Faransanci na. Duba hannunki."

Na duba. Ashe haruffa ma suna sauya mazauni idan sun tsallako iyaka. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

Hadiza 'yar ajinmu ce ta tafi Malbaza, wadda ke buga rubutu da yatsa biyu kamar kaza na tsintar gero, tana duba kowane harafi. Kwalina kuwa, Gwaggo ta mai da shi abin fifita wuta, ta ce sai yanzu ya samu aiki.

Har yau ina mafarkin buron nan, ban fasa ba. Sai dai yanzu ido ɗaya nake rufewa.