Rasuwar 'Yar Jamus a Hawan Son-Kul

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai warin gas, Ermek ɗan Toktosun na garin Kochkor ke sanar da rasuwar motarsa tafi-da-gidanka, wadda dangi ke kira 'Yar Jamus. Ta cika jiya da hantsi a wata kwana ta hawan dutsen da ke kaiwa tafkin Son-Kul, tana giya ta ɗaya, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiyar ta taso a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, inda Ermek ya yi karatu. Ba ta taɓa ganin tudun da ya fi gada tsawo ba. Mai tsafta ce, mai ƙaramin inji, ba ta da cin mai. Tana da murhu da ɗan banɗaki, tana kuma da gado. Don gadon nan aka saye ta. Baba Toktosun ba ya iya tashi zaune, likita kuma ya ce ba zai ga wani kiwon bazara ba. Abu ɗaya tsohon ya roƙa: a kai shi makiyayar bakin tafki inda ya tsufa a bayan dawaki.

Ermek ya bincika tun kafin a tashi. Takardun motar sun ce za ta hau dutse da mutum huɗu. Takardun ba su san danginsa ba.

Ba a zuwa makiyaya hannu rabbana, ba a kuma ce wa babba babu wuri. Gwaggo Burul ta shiga da buhun fulawa da tukunyar ƙarfe. Kawu Jyrgal ya shiga da matarsa da rago. A kowane ƙauye sai an tsaya an sha shayi, an ƙara mutum da tsaraba. Ermek ya yi maganar nauyi sau ɗaya.

"Ji ɗan boko!" in ji Gwaggo Burul. "Gida guda ka ɗora a kan taya, fulawa ce za ta gagare shi?"

Ya ta da mota.

Ciwon ya fara da tari. Sai baƙin hayaƙi ta salansa, sai lagireto ya tafasa. Iska ta yi mata ƙaranci a can sama, kamar kowa. Kalamanta na ƙarshe su ne: gur-gur-gur, kaf, kaf, tssss.

Ta rasu ta bar fasinja cike da ciki, da rago a banɗaki, da tsoho a kan gado wanda ya ƙi a sauko da shi.

"Ɗan nan," ya ce wa Ermek, "ina jin ƙanshin ciyawar daga nan. Ka gangara da ni, ka binne biyu."

Babbar motar da za ta iya kawo ɗauki ba ta iya juyawa a kwanar. Gajimare na taruwa a kan tsauni, kuma da zarar ƙanƙara ta sauka, hanya ta rufe sai baɗi. Maganin tsohon ya kusa ƙarewa.

Za a bar gawar inda ta faɗi, an sa mata dutse a bayan kowace taya. Ana karɓar gaisuwa a nan gefen hanya, yau, ba gobe ba. Duk mai zuwa ya zo da doki mai sanyin hali, da sanduna biyu dogaye, da bargo mai kauri da zai ɗauki mutum a kwance. Tafkin na bayan tudun nan.

Don girman Allah, kada kowa ya zo da tsaraba. Ita ta kashe ta.