Garayar Sali da Agogon Bangona

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin 'yata Hadiza ba, duk da cewa na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Na yi ritaya ne daga sashen adana bayanai, kuma aikin ya bar mini wata cuta wadda ba ta jin magani: ba na iya jin an faɗi abu ba daidai ba in yi shiru. Ko a wurin ta'aziyya aka ƙara wa mamaci shekaru, sai na rage. (Maman Hadiza ta daɗe da daina zama kusa da ni a taro.)

Ina da amini tun na yarinta a Nassarawo, Sali mai garaya. Abin da ya ɗaukaka shi a Mubi shi ne ba ya waƙar abin da bai same shi ba. Ranar da motarsu ta kafe cikin taɓo a hanyar Kolere, ya ƙare da yi wa shanu kiɗa maimakon ango, ta zama waƙa. Ranar da tsirkiyarsa ta tsinke a gaban manyan baƙi, ita ma ta zama waƙa. Duk sa'ad da wani ya nuna shakka, Sali yakan ce, "Ku tambayi Akawu, shi bai san ƙarya ba." Ni kuwa, da yake ni ne Akawun, in gyara zama in tabbatar. Ina alfahari da wannan muƙami fiye da yadda ya kamata.

A shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari kowa ya watse, iyalanmu sun riga mu fita da mota. Ni da Sali muka bi daji da ƙafa ta wajen Maiha. Shi yana rataye da garayar da ya gada daga mahaifinsa. Ni kuma, cikin duk abin da na mallaka, agogon bangon da ofis suka ba ni ranar sallama na runguma, ina sanye da takalmi sau-ciki kamar mai zuwa ganawa da kwamishina. A wannan tafiya garayar ta salwanta. Yadda ta salwanta kuwa ban taɓa ba kowa labari ba. Ba ƙarya na yi ba, ba a dai tambaye ni ba ne.

Bayan an dawo gida, hankali ya kwanta, sai aka sa bikin Hadiza. Dangin ango mutanen Maiha ne, masu dattako, kuma na ƙudurta cewa za su koma gida suna cewa ɗansu ya auro 'yar mutum mai kamala. Na sa babbar rigata fara, na zauna a sahun gaba ƙarƙashin rumfa, kusa da mahaifin ango, Alhaji Bakari. Har na riga na yi masa bayanin tarihin unguwarmu, yana ta gyaɗa kai cikin haƙuri.

Da la'asar Sali ya fito da wata garaya ta aro, ya ce zai rera sabuwar waƙa a kan gudun da muka yi. Wuri ya yi tsit. Ya waƙe hayaƙin da muka baro a baya, da ƙayar da ta cinye ƙafafu, da matar da ta ba mu gasasshiyar masara ba ta tambayi sunanmu ba. Duk wannan gaskiya ne, ina ta gyaɗa kai a matsayina na shaida. Sai ya iso bakin rafi, wanda a wajenmu ake ce wa mayo:

"Mayo ya cika ya kai wuya,
Ya fizge garayar babana,
Na miƙa hannu, ya tafi."

Mata suka fara share hawaye. Ni kuwa na ce a raina: Ya kai wuya? Ruwan da iyakarsa gwiwa? Na ji kamar an shiga ofishina an sauya fayil a gabana. Ga jama'a za su tafi da tarihin da ba haka yake ba, kuma da sunana a matsayin mai tabbatarwa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Maman Hadiza ta hango ni daga rumfar mata, ta yi mini alama da ido irin wadda ko makaho zai gane. Na kau da kai. Na karɓi lasifika daga hannun mai gabatarwa, na yi gyaran murya.

"Jama'a, ku gafarce ni. Malam Sali aminina ne, amma tarihi amana ne. Ina wurin. Ruwan nan bai wuce gwiwa ba, kuma bai ƙwace komai daga hannun kowa ba."

Sali ya dakatar da kiɗa, ya matso, ya ce a hankali, "Akawu, zauna. Ka gaji ne, zauna."

"Ban gaji ba," na ce, kuma a cikin lasifika na faɗa. "Kai da ba ka taɓa ƙari a waƙa ba, yau me ya kai ka?"

"Wallahi Akawu, don Allah bar wannan magana."

Da na saurare shi a nan, da na tsira. Amma sai wata tsohuwa daga dangin ango, wadda kowa ke kira Goggo Dija, ta ɗaga murya daga kan tabarmarta.

"To Malam, tun da mayo bai ɗauka ba, garaya ta je ina?"

A nan ne, ina tsaye, lasifika a hannu, na hango ramin da na haƙa, na kuma ga cewa ni kaɗai ne a bakinsa. Na dubi Sali. Ya sunkuyar da kai yana murza tsirkiya.

"Ajiye ta ya yi," na ce.

"Ajiye? Gadon babansa? Don me?"

"Domin… ya ɗauki wani kaya da ya fi ta nauyi."

"Wane kaya ne?"

Na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa amsa ta gaskiya ba ta da wuyar faɗa. Ina janye wannan magana.

"Ni ne kayan, Goggo."

Tun da an fara, ba ta bar ni ba sai da ta tatse sauran. Takalmin nan ya sale mini ƙafa har na kasa taku. Da muka iso bakin rafin na zauna a ƙasa na fashe da kuka, na ce ya tafi ya bar ni, ya gaya wa iyalina na mutu da mutunci. Sali ya sauke garayar daga bayansa, ya jingine ta a gindin wata bishiya, ya goya ni kamar jariri, ya tsallaka da ni, ya ci gaba da tafiya da ni a haka har muka ga gari. Ba mu sami komawa mu ɗauko garayar ba.

"Kai kuma me ka riƙe?" in ji Goggo Dija. (Na tabbata matar nan ta taɓa aikin ɗan sanda.)

"Agogo."

"Agogon hannu?"

"Na bango."

Dariyar da ta tashi, ina jin har a kasuwa an ji ta. Alhaji Bakari ya riƙe ciki, hularsa ta faɗo. Amarya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Maman Hadiza ta ce da ƙarfi, "Ashe agogon da yake hana mu taɓawa, a bayan mutum ya yi gudun hijira!" Ni kuwa ina tsaye cikin farar riga, gumi na bin bayana, ina tunanin yadda surukaina za su ba da labarina a Maiha.

Sali ne ya cece ni, karo na biyu. Ya buga garaya, ya ɗora baiti nan take: ya ce garaya icce ce da fata, ana sassaƙa wata, amma duk Mubi ba a sassaƙa Akawu na biyu. Dariya ta koma guɗa. Alhaji Bakari ya tashi ya kama hannuna ya zaunar da ni, yana share ido.

"Malam, yanzu hankalina ya kwanta," ya ce. "Mutumin da zai tona asirin kansa a bikin 'yarsa, ba zai taɓa cutar ɗana ba."

Washegari na sa aka nemo gwanin sassaƙa ya yi wa Sali sabuwar garaya, na haɗa masa da agogon. Garayar ya karɓa. Agogon ya mayar mini, ya ce ya ɗauke shi sau ɗaya, ya isa.

Har yau yana rera waƙar, kuma har yau ruwan yana kaiwa wuya. Idan ya zo wurin, yakan dube ni ya ce, "Ku tambayi Akawu." Ni kuma in duƙufa ga gyaran hulata. Abin da na koya a makare shi ne, idan mawaƙi mai gaskiya ya cika rafi da ruwa, kafin ka tashi auna zurfinsa, fara duba ko kai ne yake ɓoyewa a ciki.