Cindo da Kifayen Yaya Sallau

A Tungar Bawa akwai wani gida mai mutum uku: Sallau, da matarsa Tabawa, da ƙanensa Cindo. Cindo ya ba arba'in baya, amma yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa ƙarƙashinta. Sallau kuwa shekara talatin ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya maido shi gida. Likita ya ce ya riƙa motsa ƙafa, shi kuwa Sallau ya ce ba zai fita a gan shi yana jan jiki ba. Da wani tsohon abokin aikinsa ya ji labari, sai ya aiko masa da akwatin gilashi, da ɗan injin hura iska, da kifaye biyar masu jan ciki da ake kira firana, wai su ɗebe masa kewa. Haƙoransu kamar na zarto. Cindo aka ɗora wa kula da su, ya kuwa yi murna, don babu abin da yake so irin Yayansa ya sa shi aiki.

Wata rana za a sake wa kifayen ruwa, Sallau ya ce, "Ɗebo na famfo, amma akwai magani a cikinsa. Ka bar shi ya kwana tukuna." Cindo ya ɗebo bokiti biyu, ya ɗora su a kan tabarmarsa, ya sa musu matashi, ya sauke gidan sauro. Tabawa ta ɗaga taɓarya za ta daka yaji, ya riƙe mata ita. "Yaya Tabawa, ki yi haƙuri, ruwa na barci." Ranar haka aka ci tuwo ba yaji. Da safe ya durƙusa ya gai da bokitan, sannan ya kai labari. "Ya kwana lafiya, Yaya. Ko juyi bai yi ba."

Wata rana guntun iccen da kifayen ke ɓuya a bayansa ya kife. Sallau ya ce a gyara, ya ƙara da kashedi: "Kada ka kuskura ka sa hannu a ruwan nan." Cindo ya jawo turmi ya hau, ya naɗe wando, ya zura ƙafa. Huɗu suka watse, babban cikinsu ya ɗanɗana masa babban yatsa. Tabawa na ɗaure masa tsumma tana faɗa. "Me ya kai ka?" Ya ce, "Hannu Yaya ya hana." Sallau ya juya fuska bango, kafaɗarsa na rawa. Cindo ya ɗingisa ya dafa shi. "Daina kuka, Yaya, sauran yatsun suna nan." Tabawa dai ta san ba kuka ba ne. Tun dawowarsa ba ta ji ya yi dariya ba sai ranar.

Wata rana Sallau ya ga kifayen sun maƙale a lungu saboda hasken taga. Ya ce, "Duk haƙoran nan, kunya gare su kamar amarya." Cindo ya ɗauko sabon mayafin Tabawa ya lulluɓe akwatin ruf. Mai gida ya ce a buɗe ya ga kifayensa, Cindo ya ce ba a buɗe fuskar amarya hannu sake. Sai da Sallau ya laluba aljihu ya miƙa goro biyu, sannan aka ɗage gefe guda.

Wata rana hadari ya kayar da turken lantarki, gari ya kwana ya wuni ba wuta. Injin ya yi shiru. Wajen la'asar kifayen suka taso sama suna buɗe baki, ɗaya har ya fara kwantawa a gefe. Tabawa ta tafi barka. Sallau ya dube su. "Iska suke nema. In ba su sha iska ba, ba za su kai gobe ba." Ya rufe ido don kada ya gani. Cindo ya kwashe su da rariya ya zuba a babbar roba da ruwansu, ya ɗora a baro, ya yi waje.

Ƙarar tayar baro ce ta sa Sallau buɗe ido, ya ga akwati wayam. Ya yi kira, ba amsa. Ya jawo sandar da likita ya ba shi, wadda ta yi wata bakwai a jingine. Ya wuce tsakar gida, ya wuce zaure, yana jan ƙafa yana kiran Cindo. Bai tuna da idon kowa ba.

A gindin dalbejiyar masallaci ya cim masa, inda dattawa suka kewaye baron suna kallo. Ya leƙa robar yana haki. Duk ramin da tayar ta faɗa, ruwan ya yi tsalle ya gauraya da iska, ga kifayen sun koma ƙasa suna iyo, har mai kwantawar ya miƙe.

"Sun sha, Yaya," in ji Cindo. "Har bakin kasuwa na kai su."

Dattawan suka matsa, suka ba Sallau wuri a benci, ana ta yi masa barka da fitowa. Ya zauna.

"Gobe ma a kawo su?" in ji Cindo.

"A kawo su," in ji Sallau. "Amma ka riƙa tafiya a hankali, kada ka bar ni a baya."

Da suka tashi komawa gida, Cindo kuwa ya bi maganar sau da ƙafa. Taku ɗaya, ya tsaya, ya jira sanda ta sauka. Sai da aka kira magariba suka shiga zaure, kafaɗa da kafaɗa, Tabawa na tsaye a bakin ƙofa ta rasa wanda za ta fara yi wa faɗa.