Gaisuwa a Kan Dokin Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Alƙahira ba, duk da na daɗe ina roƙon Allah ya mantar da ni. A kan hanyata ta dawowa daga hajji na yada zango a can, ina yi wa wani attajiri mutumin Sham tafinta a cinikin fata da gashin jimina. Larabci ina da shi, Barbarci na tsinta a Kukawa, Fillanci kuwa na sha a nono. Hausa ce dai shekara biyu ban ji ta a bakin kowa ba. Har ta kai ina yi wa kaina sannu da aiki, in amsa da kaina.

Maigidan nawa yana da dokin ƙarfe, wannan da kuke kira keke. Da ya ga zaman shiru zai kashe ni, ya koya mini hawa a tsakar gidansa. In na gaji da zagaye sai ya tare ni da hannu biyu in sauka. Da ƙafata ta zauna na fara fita gari. Na bi bakin Nilu, wanda kogin garinmu ba zai yi masa ko ƙane ba. Na ga benaye da suka mayar da Tarabulus ƙauye a idona. Na hango dalar Fir'auna, ta tuna mini duwatsun Birnin Kudu, sai dai ita an sassaƙe ta. Duk yawon nan ban taɓa sa ƙafa a ƙasa ba sai na komo gida an tare ni. (Dama wa nake da shi a birnin da zan tsaya dominsa?)

Ran nan wani majemi ya ce mini akwai tsoho ɗan ƙasarmu da ya sauka kusa da wani masallaci, gobe da asuba zai bi ayari ya koma gida. Malam Jibo, mutumin Kwandiko ta ƙasar Gwaram, abokin mahaifina! Ya baro gida bayana, don haka ya san ko Innata na raye. Da ƙafa ma zan isa kafin magariba. Amma na zura babbar riga na hau ƙarfen nan, don dai a je gida a ba da labarina.

Hanyar gangara ce, ta faɗa wani fili mai wurin shan ruwa a tsakiya. Ga tsohon can a kan buzu yana jan carbi. Na ja ƙahon keken kamar linzami don ya tsaya. Ko a jikinsa. Matakan keken ma su ke juya ƙafafuna, ba ni ke juya su ba.

"Salamu alaikum, Baba!" na ce, na wuce fuu.

Na zagayo wurin ruwan. "Ni ne ɗan Malam Audu na Birnin Kudu!"

Ya miƙe, fuska cike da murna. "Allahu akbar! To, sauko mana, ɗana."

Na sake wucewa. Masu shaguna suka fito kallo. A nan ne ya kamata in ce, "Baba, ban iya sauka ba, tare ni." Amma ni, mai harshe huɗu, alhaji, in faɗi haka a gaban Larabawa? Sai na ɗaga masa hannu ɗaya kamar wani hakimi.

A zagaye na uku na ce, "Inna tana lafiya?"

Murnar ta riga ta gudu. "Kai wane irin marar kunya ne? Ubanka ko a kan jaki ya hango ni sauka yake yi, ya tuɓe takalmi. Ni za ka gaisar daga sama?"

Kafin in zagayo na huɗu ya naɗe buzunsa ya shige ɗakin da ya sauka. Ni kuma gefen rigata ya shiga ƙafar keken, muka tafi tare muka rungumi tarin kankanar wani bawan Allah. Ashe haka ake sauka.

Na je ƙofar ɗakin jage-jage da ruwan kankana, na tuɓe takalmi na durƙusa, na yi sallama har sau uku. Bai buɗe ba. Can daga ciki ya ce, "Uwarka tana nan da ranta. Ta ce in na gan ka in duba mata ko duniya ta lalata ka. Na duba."

Na turo keken da hannu har gida, a cikin dubban mutanen da ba wanda ya san sunana. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a hanya ina ta maimaita faɗan tsohon nan kalma-kalma, ina jin daɗinsa a bakina. Zagi ne, amma da Hausa aka yi mini shi.

Labarin kuwa ya riga ni isa Birnin Kudu da shekara guda, kamar yadda na so. Tun daga ranar, ko doki aka jawo mini, ko jirgi, ko kujerar shugabanci, ba na tambayar ta ina ake hawa. Sai an nuna mini ta inda ake sauka.