Zanen da Na Goge a Bindigar Surukina

Ni fa har yau ban ga laifina ba. Daga Nguru na je Gashuwa gaida surukina, Baba Goni, sai ya fito da wata tsohuwar bindiga, bakinta a toshe, wadda mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. Ita kaɗai ya gada daga tsohon.

Na gyara zama na ce, "Baba, irin wannan na gan ta a gidajen tarihi har ƙasa uku. Akwai hatimin kambin Sarkin Ingila a jiki, datti ne ya rufe shi. Ku ba ni zuwa la'asar."

Na sayo samfefa, na shiga zaure. Na samu wasu zane-zane a katakon gindinta, munana, kamar kaza ta yi tono. Na goge su tas, katako ya koma sumul. Kambin ma ya fito a ƙarfen, ɗan mitsitsi. Na kawo ina taƙama.

Baba ya juya ta, ya sake juyawa. "Ina alamar?"

"Ga kambi nan, Baba."

"Ina ruwana da kambin wani? Alamar shanun gidanmu, wadda babana ya zana da wuƙa a can Bama, don in ya mutu a san ɗan gidan wa ne."

To don Allah wa ya gaya min? Ai sai a yi wa mutum bayani!

Yanzu duk sanda na yi sallama a gidan, Bukar ƙanin matata zai ɗaga murya: "Baba, rufe fuskarka! Ga surukinka nan, kar ya goge maka tsagar gado."