Kwamfutar da Ta Ɓoye Mini Sallamata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta kwance mini zani a kasuwa ba, kuma a gaban Kawu Idris.

Lokacin da yaƙi ya koro mu daga Khartoum, mutane sun ɗauko barguna da tukwane, ni kuwa kwamfutar ofis na rungumo har Gadarif (har yau matata ba ta yafe mini tukunyar da na bari ba). Muka sauka gidan Kawu, mai gonar riɗi a Simsim. Kullum da safe sai in buɗe ta a tsakar gida inda kowa zai gani, in rubuta kalmar sirri, ta yi mini maraba da cikakken sunana. Hujjata ke nan cewa ni ma'aikacin kamfani ne har yanzu, albashi ne kawai ya makara.

Wata rana Kawu ya ce, "Ya waladi, ɗana, zo ka zama wakilina a gona. Wurin ba zai jira ka ba."

Na juya masa fuskar kwamfutar. "Kawu, duba. Wanda aka sallama ai ba ta buɗe masa."

Ya kurɓi gahawarsa, ya ce, "Tamam."

Da na ji kamfaninmu ya buɗe ƙaramin ofis a Gadarif, sai na sa aka goge mini jallabiya, na kuma matsa wa Kawu ya raka ni ya ga matsayina (ni da kaina na gayyato shaida, ku ji fa). Injiniya Salma, mai kula da na'urorin ofishin, ta jona kwamfutata da shabaka, wato layin kamfani. Na gyara zama, na rubuta kalmar sirri ina kallon Kawu ta gefen ido.

Kwamfutar ta ce an rufe asusuna. Na sake, ta sake.

Na ce, "Shabakarku ba ta da kyau."

Salma ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya ustaz, lafiyarta ƙalau. A gida kwamfutar ba ta tambayar kowa. Abin da ta haddace tun shigarka ta ƙarshe a Khartoum, da shi take gwada kalmarka. A nan kuwa dole ta tambayi babbar na'urar kamfani, wadda ta san waye namu a yau. An cire ka tun lokacin da aka fara rage ma'aikata."

Kawu ya matso. "Yani kamar tsohon maigadi da ba a gaya masa an sayar da gidan ba?"

"Bizzabt, haka yake, ya Hajj."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don na fi shekara ina gaisawa da na'urar da ba ta fi ni samun labari ba. Ina haɗa kayana in sulale, Salma ta ce cikin ladabi, "Ustaz, kwamfutar ta kamfani ce. Da cajar."

A hanya na rungume jakar da ba komai a ciki, na yi gyaran murya. "Kawu, maganar wakilcin nan..."

"Na ba wani tun damina. Amma ana neman masu yankan riɗi."

Yanzu na iya lauje, hannuna duk kanta. Kuma na koyi cewa in an yi mini maraba, in fara tambaya ko mai marabar ya ji daga masu gida.